Ƙwayoyin Tushe na Jikin Ɗan Adam da Matsayinsu a Sha'anin Warkarwa: Misali Daga Amosanin Jini a Ƙasar Dawakin Tofa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance a jikin ɗan Adam, waɗanda aikinsu shi ne sabunta jiki da ɗinke ɓarakar da ta auku gare shi, sa'an nan ta duba yadda likitoci suka kai ga yin magani da su. Domin kada bayanin ya tsaya a kan ka'ida kawai, za mu ɗauki amosanin jini, watau sikila, mu kafa misali da shi, mu kuma auna abin da wannan ilmi yake nufi ga mazauna karkara irin na ƙasar Dawakin Tofa.

Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa tana arewa maso yamma da birnin Kano, cikin yankin nan mai cunkoson jama'a wanda ake noma gonakinsa shekara bayan shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kusan dubu 250, waɗanda ke zaune a garuruwa irin su Dawanau da Kwa da Tumfafi da Jalli da Marke da ƙauyukan da ke kewaye da su. Galibinsu manoma ne masu manyan gidaje. Wannan girman gida yana da tasiri kai tsaye a kan batun da ke gabanmu, kamar yadda za mu gani.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su muke kira ƙwayoyin halitta a wannan takarda. An ƙiyasta cewa yawansu a jikin baligi ya kai tiriliyan 30 ko fiye, sun kuma kasu kimanin iri 200: akwai na jini, da na fata, da na ƙashi, da na tsoka, da na jijiya, da sauransu. Mafi yawansu sun riga sun ƙware a kan aiki ɗaya, in sun tsufa sai su mutu, ba su iya maye gurbin kansu.

Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da ba su ƙware a kan kowane aiki ba tukuna. Waɗannan muka zaɓa mu kira su ƙwayoyin tushe, domin daga gare su sauran ke tsirowa. Siffofi biyu suka bambanta su. Ta farko, in ƙwayar tushe ta rabu biyu tana iya haifar da wata irinta, don haka ba ta ƙarewa. Ta biyu, tana iya haifar da 'ya'yan da za su rikiɗa su zama ƙwararrun ƙwayoyi.

Manomi ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. In kaka ta yi, yakan zaɓi kyawawan zangarniyoyi ya ɗaure su daban a matsayin iri. Sauran hatsin ana ci ya ƙare, amma iri in an shuka shi yakan ba da abinci, ya kuma ba da wani irin na baɗi. Haka kuma irin gero ba ya fid da dawa. To, ƙwayar tushe ta fata ita ma fata take samarwa, ta hanji kuwa hanji. Inda misalin ya gaza shi ne, wasu ƙwayoyin tushe sukan haifar da dangi guda mai rassa da yawa, kamar ta ɓargo wadda kowane irin ƙwayar jini ke fitowa daga gare ta.

Masana sukan raba ƙwayoyin tushe gida uku. Akwai na ɗan tayi a kwanakinsa na farko, waɗanda ke iya zama kowane sashe na jiki. Akwai na jikin da ya riga ya ginu, waɗanda aka saba jingina su ga baligi, ko da yake jariri ma yana da su, har cikin jinin cibiyarsa. Na uku su ne waɗanda ake ƙirƙira a ɗakin bincike ta hanyar mayar da ƙwararriyar ƙwaya halinta na farko, dabarar da Shinya Yamanaka na Japan ya fito da ita a 2006, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 2012. Kashi na biyu shi ne abin nazarinmu.

3.0 Mazauninsu da Aikinsu a Jiki

3.1 Ɓargo

Jini kullum cikin sabuntawa yake. Jar ƙwayar jini, mai ɗaukar iska zuwa sassan jiki, takan rayu kimanin kwana 120, sa'an nan jiki ya rushe ta. Domin cike wannan giɓi, ɓargo yakan samar da sababbi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa, ban da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta da kuma masu sa jini ya daskare a bakin rauni. Duk wannan aiki yana komawa ne ga ƙwayoyin tushe 'yan ƙalilan. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa waɗanda ke aiki a jikin baligi suna tsakanin dubu 50 da dubu 200 ne kawai. Saboda su ne wanda wanzami ya yi wa ƙaho, ko wanda ya ba da jini a asibiti, ko mace mai jego, jininsu yake komawa yadda yake in sun sami abinci mai gina jiki.

3.2 Fata da Hanji

Fatar mutum takan sake kanta cikin kimanin wata guda, daga ƙwayoyin tushe da ke shimfiɗe a ƙasanta da kuma gindin gashi. Su ne ke rufe yankan lauje ko saran fartanya. Shimfiɗar cikin hanji kuwa ta fi kowace gaggawa, domin cikin kwana 3 zuwa 5 take sakewa. A 2007 ne Hans Clevers da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka nuna ainihin ƙwayoyin da ke wannan aiki, suna zaune a cikin 'yan ramukan bangon hanji.

3.3 Ƙashi da Tsoka

Maɗori in ya ja karaya ya daidaita ta ya ɗaure da karare, ya yi nasa rabon aikin ke nan. Haɗewar ƙashin kuwa aikin ƙwayoyin tushe ne da ke cikin tantanin da ya lulluɓe ƙashi da kuma cikin ɓargo, waɗanda ke taruwa a bakin karaya su fara yin guringuntsi, daga baya ya taurara ya zama ƙashi. Alexander Friedenstein na Rasha shi ya fara rarrabe irin waɗannan ƙwayoyi a ɓargo a shekarun 1960 da 1970. Na tsoka kuwa Alexander Mauro ne ya bayyana su a 1961. Yawan waɗannan ƙwayoyi da kuzarinsu yakan ragu da shekaru, wannan yana cikin dalilan da suka sa ɗorin yaro ya fi na dattijo saurin kamawa.

3.4 Inda Sabuntawa Ta Yi Ƙaranci

Ba kowace gaɓa ce ke da wannan gata ba. Tsokar zuciya da ƙwaƙwalwa da laka ba su sabunta kansu sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ɓarnar da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki suka yi takan zauna. Wannan iyaka tana da muhimmanci, za mu kuma komo kanta a sashe na 8.0.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Dashen Ɓargo

Tun a 1909 Alexander Maximow ya kawo ra'ayin cewa dukan ƙwayoyin jini uwa ɗaya suka fito. Hujjar gwaji ba ta samu ba sai a 1961, lokacin da James Till da Ernest McCulloch a Toronto ta ƙasar Kanada suka zuba ɓargo a jikin ɓerayen da aka kashe nasu ɓargon, suka ga wasu ƙulle-ƙulle sun tsiro a saifarsu. A 1963 suka tabbatar da cewa kowane ƙulli daga ƙwaya ɗaya tak ya taso, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin jini iri-iri.

A ɓangaren jiyya, E. Donnall Thomas na Amurka ya ba da rahoton zuba wa marasa lafiya ɓargon wani a 1957. Gwaje-gwajen farko ba su yi nasara ba sai tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, domin jiki yana gane baƙo ya yaƙe shi. Mabuɗin matsalar ya fito ne daga aikin Jean Dausset na Faransa, wanda a 1958 ya gano ta farko daga cikin wasu alamomi da ke jikin ƙwayoyin halitta, waɗanda ake taƙaita sunansu da haruffan HLA. Da su jiki yake rarrabe nasa da na wani. A 1968 Robert Good ya yi nasarar dasa wa wani jariri ɓargon 'yar'uwarsa a Minnesota bayan an duba dacewar waɗannan alamomi. A 1988 Eliane Gluckman ta yi dashe na farko da jinin cibiya a Paris. An ba Thomas kyautar Nobel a 1990.

Ban da ɓargo, an sami nasara a wasu wurare biyu. Tun daga 1975 James Rheinwald da Howard Green suka iya renon ƙwayoyin fata a ɗakin bincike, har aka riƙa shimfiɗa su a kan masu mummunar ƙuna. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta amince da wani magani mai suna Holoclar, wanda ake haɗawa daga ƙwayoyin tushe na gefen baƙin ido, domin gyara idon da ya ƙone.

5.0 Amosanin Jini a Ƙasar Kano

Amosanin jini cuta ce ta gado. Cikin jar ƙwayar jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, shi ke riƙe iska. Wanda ya gaji lafiyayyen nau'insa daga uwa da uba shi ne AA. Wanda ya gaji lafiyayye ɗaya da mai tangarɗa ɗaya shi ne AS, ba ya kuma fama da ciwon. Wanda ya gaji mai tangarɗa ta ɓangarorin biyu shi ne SS. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS.

A jikin mai SS, in iska ta yi ƙaranci, jar ƙwaya takan lanƙwashe ta ɗauki siffar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ake samun ciwon ƙashi mai tsanani, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da lalacewar saifa, da shanyewar ɓarin jiki tun ana yaro. Irin wannan ƙwaya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 a raye, shi ya sa jinin mai ciwon kullum a ƙasa yake, idonsa kuma ya yi rawaya.

Dalilin yawan wannan gado a ƙasashenmu shi ne zazzaɓin cizon sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga tsananin wannan zazzaɓi. Ɗaya daga cikin manyan hujjoji a kan haka daga ƙasar Kano ta fito. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. A sakamakon da Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka buga a 1979, an ga cewa kimanin jarirai 2 cikin 100 ana haihuwarsu da SS, amma cikin waɗanda suka haura shekara 9 masu SS ba su kai 1 cikin 1,000 ba. Watau kusan dukansu sun rasu tun suna ƙanana, mafi yawa ba tare da an san abin da ya kashe su ba. Ba mamaki a ce wasu daga cikin yaran da ake kira 'yan wabi a gidajenmu na da, wannan ciwo ne ya riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kimanin dubu 150 da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara, watau wajen 20 cikin kowace haihuwa 1,000. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya sami AS a jikin kimanin yaro 1 cikin 5. In muka ɗora wannan awo a kan ƙasar Dawakin Tofa, da wuya a sami unguwa ko ƙauyen da babu gidan da ke jiyyar mai sikila.

6.0 Yadda Dashe Yake Warkar da Amosanin Jini

Tun da jar ƙwaya daga ƙwayar tushe ta ɓargo take fitowa, in aka sauya tushen, jinin da zai biyo baya lafiyayye ne. An fara ganin haka a zahiri a Memphis ta Amurka, a rahoton da aka buga a 1984. Wata yarinya mai shekara 8 tana da sikila da kuma sankarar jini. Aka dasa mata ɓargon ɗan'uwanta domin sankarar, sai ga shi ta rabu da cututtukan biyu.

Kalmar dashe da Hausawa suka ba wannan aiki ta dace ƙwarai, domin matakansa sun yi kama da na mai lambu. Da farko ana share fili, watau a ba maras lafiya magunguna masu ƙarfi, irin su busulfan, waɗanda ke kashe ɓargonsa su kuma kwantar da garkuwar jikinsa. Sa'an nan a sa mai bayarwa barci, a zuƙo ɓargo da allura daga ƙashin ƙugunsa. Ba a cire masa ƙashi, abin da aka ɗiba kuma yakan komo cikin 'yan makonni. Daga nan sai a ɗura wa maras lafiya ta jijiya, kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin tushe su da kansu suke neman hanya su shiga ƙashi su zauna. Cikin mako 2 zuwa 4 sukan fara samar da sabon jini. A wannan tsakani maras lafiya ba shi da garkuwa, dole a killace shi a ɗaki mai tsananin tsabta, a tanadi jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

A 2017 aka buga nazarin mutum 1,000 masu sikila da aka yi wa dashe daga shaƙiƙan da alamominsu suka dace. Bayan shekara 5, fiye da 90 cikin 100 suna raye ba tare da ciwon ba, sakamakon kuma ya fi kyau ga 'yan ƙasa da shekara 16. Amma aikin yana da haɗari. Dashen yana iya ƙin kamawa. Sabon ɓargo yana iya ɗaukar jikin da ya shiga a matsayin baƙo ya afka wa fata da hanta da hanji. Magungunan share ɓargo suna iya hana haihuwa. Wasu kuma sukan rasa ransu a cikin jiyyar. Bugu da ƙari, wanda ya warke ta hanyar dashe zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa S, domin jininsa aka sauya, ba a taɓa abin da yake haihuwa da shi ba. Don haka gwaji kafin aure yana nan a kansa.

6.1 Wa Zai Ba da Ɓargo?

Mutum yakan gaji rabin alamomin HLA daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka tsakanin shaƙiƙai biyu akwai kashi 1 cikin 4 na cikakkiyar dacewa. Amma dole mai bayarwa ya kasance AA ko AS. In iyaye duka AS ne, kowane ɗa yana da kashi 3 cikin 4 na kuɓuta daga SS, kuma waɗannan gado biyu ba su ɗaure da juna ba. In muka haɗa su, kowane shaƙiƙi yana da kashi 3 cikin 16 na zama mai bayarwa. Bisa wannan lissafi, yaron da ke da shaƙiƙai 2 yana da damar kusan 34 cikin 100 ta samun wanda ya dace, mai shaƙiƙai 5 kuwa damarsa ta kai kusan 65 cikin 100.

A Amurka, inda iyali ƙanana ne, masu sikila da ke samun shaƙiƙin da ya dace ba su kai 1 cikin 5 ba. Ke nan gidan manomi a Kwa ko Tumfafi, inda ɗaki ɗaya kan tara 'ya'ya biyar ko shida, ya fi gidan birnin Turai damar samun mai bayarwa. Sai dai a lura, 'yan uba ba su cikin wannan lissafi, domin abin da ya haɗa su bai wuce rabi ba, sai fa in iyayensu mata dangin juna ne. Ga irinsu, da kuma iyaye, akwai dashen rabin dacewa, wanda likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka ba da rahoton gwada shi a kan masu sikila a 2012, aka kuma ci gaba da kyautata shi tun daga lokacin.

7.0 Matsayin Al'amarin a Nijeriya

A 2011 aka yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Nosakhare Bazuaye, aka dasa wa wani yaro mai shekara 7 ɓargon yayansa. A 2012 aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo a Inugu. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya fara nasa dashen. Duk da haka, waɗanda aka yi wa aikin a cikin ƙasa 'yan ƙalilan ne in an gwada da yawan masu ciwon, masu hali kuma sukan tafi Indiya ko Turai. Kuɗin da ake kashewa ya fi ƙarfin abin da gonar talaka za ta ba shi ko da ya sayar da ita.

Akwai kuma sabuwar hanya wadda ba ta bukatar mai bayarwa. Ana ɗibar ƙwayoyin tushe na maras lafiya shi kansa, a gyara tsarin gadonsu a ɗakin bincike, a mayar masa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke tayar da himogulobin irin na jariri, wanda ba ya lanƙwashewa. Farashin da aka sanar a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma shi ma sai an share ɓargo kafin a yi shi.

Abin da ya fi kusa da hannun talaka shi ne maganin haidiroksiyuriya, wanda shi ma a kan ɓargo yake aiki, yana sa shi ƙara samar da himogulobin na jariri. A nan Kano ta ba da gudummawa ga duniya. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad, tare da takwarorinsu na Kaduna da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada shi a kan yara 220 waɗanda awon gudun jini a ƙwaƙwalwa ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin bai gaza matsakaicin awo ba wajen kariya. Wannan yana nufin sauƙin kuɗi ga iyaye da hukuma.

8.0 Hattara da Masu Tallan Warkarwa

Sunan ƙwayoyin tushe ya zama abin ciniki. Akwai masu tallan ƙwayoyin haɗiya da garin sha da man shafawa da sunan suna ɗauke da ƙwayoyin tushe, suna warkar da ciwon sukari da shanyewar jiki da rashin haihuwa da tsufa. Ya kamata a sani cewa ƙwayar tushe abu ce mai rai, ba ta zama cikin gari ko kwalba a kan kanta, in ma an haɗiye ta ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. Ta tsiro kuwa ba ta zama ta mutum. Akwai kuma masu yin allurar ƙwayoyin da aka tatso daga kitse ga kowace irin cuta. A 2017 wata mujallar likitoci ta Amurka ta ba da rahoton mata uku da ganinsu ya lalace bayan an yi musu irin wannan allura a ido a Jihar Florida. Ban da cututtukan jini da na garkuwar jiki, da gyaran fata da ido da muka ambata, yawancin abin da ake faɗa a kan zuciya da ƙwaƙwalwa da laka yana matakin gwaji ne.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na 17 a Makka a 2003, ta halatta ɗibar ƙwayoyin tushe daga baligi in ya yarda kuma ba zai cutu ba, da yaro da izinin waliyyinsa, da kuma mabiyiya da cibiya da izinin iyaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta shar'anta amincewar mai bayarwa, ta kuma hana cinikin sassan jiki.

9.0 Shawarwari da Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ganin akwai matakai huɗu da ya kamata a ba fifiko a ƙasa irin ta Dawakin Tofa.

Na farko, gwaji kafin aure. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta shi, har da gwajin AA da AS da SS. Doka ba za ta yi tasiri a ƙauye ba sai gwajin ya zo kusa, ya kasance ingantacce, a kuma yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba za ta ɓata zumunci ba. Limamai da masu unguwanni da dagatai suna da babban rabo a wannan aiki.

Na biyu, gwajin jarirai. Yaron da aka gano da wuri, aka ba shi rigakafi da maganin kariya daga zazzaɓi da cututtukan ƙirji, aka kwantar da shi cikin gidan sauro, shi ne zai rayu har ya kai ga cin moriyar kowane sabon magani. Ranar da ake kawo jarirai allurar rigakafi dama ce ta yin wannan gwaji.

Na uku, a kai awon gudun jini a ƙwaƙwalwa da maganin haidiroksiyuriya asibitocin ƙananan hukumomi, domin dashe ya fi amfani ga yaron da ciwon bai riga ya ɓata wa gaɓoɓi ba.

Na huɗu, a yi tanadin abubuwan da dashe ke tsayuwa a kansu: wadataccen jini mai tsabta, da ɗakin gwajin HLA, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da horar da likitoci da masu jiyya, da asusun da zai ɗauke wa talaka nauyi. In babu waɗannan, ko an gina ɗakin dashe ba zai yi aiki ba.

A wannan takarda mun bayyana ma'anar ƙwayoyin tushe da mazauninsu, mun bi tarihin dashen ɓargo daga 1957 zuwa 2024, mun kuma nuna cewa gidajen karkarar Kano, waɗanda amosanin jini ya fi yi wa ɓarna, su ne kuma suka fi damar samun mai ba da ɓargo a cikin ɗaki. Akwai aiki a wuyan masana harshe su ma, domin kalmomin da muka yi amfani da su a nan shawara ce, suna bukatar a zauna da likitoci a daidaita su, yadda malamin asibiti zai iya yi wa mahaifin yaro bayani da Hausar da zai gane kafin ya sa hannu a takardar amincewa. Muna fatan mahalarta wannan taro za su tattauna a kan haka.